Yazawa ta kai ni Biyetnam, na dawo da labarin yaƙi

Mai Yazawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu cigiyata, ina nan lafiya, tafiya ce ta kama ni zuwa Biyetnam. Kun san su ne kan gaba a duniya wajen fasa yazawa, kuma yawancin ɗanyar daga waje suke sayo ta, har da tamu ta Kogi da Ogbomosho. Kontena biyu muka tura wa wani kamfani a lardin Binh Phuoc, kaya suka isa, sai ga saƙo wai danshi ya yi yawa, za a zaftare kuɗi. Abokin cinikina ya ce, Alhaji wannan ba maganar waya ba ce, tashi ka je. Da na je aka ce sai an sake gwaji, in jira kwana shida.

Na sauka birnin Ho Chi Minh a watan Mayun 2025, mako biyu bayan bikin cika shekara 50 da gama yaƙinsu da Amurka. Jar tuta mai tauraro ruwan ɗorawa tana nan a ƙofar kowane gida, har kan babura da teburin mai sayar da rake. Ɗan mai kamfanin, yaro ne ɗan shekara 26, ya ga zaman otal ya ishe ni, ya ce in zo ya kai ni Cu Chi, inda ramukan ɓuyan mayaƙansu suke. A bakinsu kamar "ku ci" ake faɗa, kuma wallahi mun ci, don rogo suka dafa mana.

Tafiyar kamar kilomita 70 ce daga gari. Daji ne lumshi, ba ka ganin komai sai busassun ganye. Jagoranmu ya ce mu nemo ƙofa, mu goma sha muka yi ta dube-dube, ashe ina tsaye a gefenta. Ya share ganye da ƙafa, sai ga murfin katako bai fi faifai biyu ba. Ya zura ƙafafu, ya ɗaga hannu sama da murfin a kansa, ya nutse. Ko alama babu. Ramukan nan, in an haɗa tsawonsu, sun kai kilomita 250, hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, kuma da ƙaramar fartanya da kwando aka haƙa su tun zamanin yaƙi da Faransa. A ciki akwai ɗakin tiyata, wurin taro, rijiya, madafa. Hayaƙin girki ma sai an bi da shi ta wasu ɗakuna ya huce, ya fita can nesa kamar hazon asuba. Kafar shan iska kuwa a jikin suri suke ɓoye ta.

Na cire babbar riga na ba yaron, na shiga wanda aka faɗaɗa saboda baƙi. Jama'a, ban yi mita ashirin ba. A tsugune, gwiwa na bugun ƙirji, zufa na shiga ido, wani jemage ya shafi kunnena, na kama salati da ƙarfi har Baturen da ke bayana ya tsorata. Da na fito sai da na zauna a kan kututture. Nan mutane suka yi shekaru, har haihuwa an yi a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar yaron nan. An haife shi shekara ashirin da wani abu bayan yaƙi, wayarsa iPhone, ƙanwarsa tana karatu a Amurka, amma da yake nuna mini takalmin taya irin na mayaƙansu, sak irin wanda ake yanka wa manoma a kasuwannin ƙauyenmu, cewa yake "mu muka yi", "mu muka haƙa". Na tambaye shi ko suna jin haushin Amurkawa. Ya yi dariya ya ce, Amurka shekara ashirin ta yi, Faransa kusan ɗari, Chaina dubu, wa ya kamata mu sa wa ido? Shi ne na ce bari in kawo zaure, masana su warware mini.

Ɗan Damagaram:
Barka da dawowa Alhaji. Ni abin da ya ba ni mamaki, yaya aka yi tumbin Bakano ya shiga ramin da bai fi faifai biyu ba? Ko an ce maka akwai riba a ƙasan ne?

Mai Yazawa:
Bawana, da kai ne da tun a bakin ramin za ka ce a kira maka jaki.

Ummi Ɗaliba:
Sannu da hanya Baba. Mu dai abin da muka sani a finafinai shi ne akta ɗaya ya shiga daji da ɗamarar harsashi ya gama da su duka. Ashe su suka yi nasara?

Ɗan Kwari:
Alhaji barka da arziki. Amma ka yi haƙuri, an ɗora ka a layi ne kamar yadda ake ɗora kowane baƙo. Ni ma na je, daga Guanzu na tsallaka Hanoi kwana uku. Na shiga kurkukun Hoa Lo da Faransawa suka gina. Ɓangaren da ke nuna abin da Faransa ta yi musu, ga mari a ƙafa, ga injin fille kai, sai ka yi hawaye. Kana shiga ɓangaren matuƙan jiragen Amurka da su suka tsare a wurin, sai hotuna ana buga ƙwallo, ana bikin Kirsimeti, likita na duba su, kamar waɗanda suka zo hutu. To John McCain, wanda daga baya ya zama sanata a Amurka, da aka harbo jirginsa a 1967 ya faɗa tafkin Truc Bach, kayan jikinsa na nan a gilashi, shekara biyar da rabi ya yi a hannunsu, har ya mutu ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kai. Wannan ba su rubuta ba.

Kuma batun wai da fartanya da rogo aka kori Amurka, zancen 'yan yawon buɗe ido ne. Makaman da suka kakkaɓo jiragen B-52 a Hanoi a Disambar 1972 na Tarayyar Sobiyet ne, jiragen MiG nata ne, tankokin da suka fasa ƙofar fadar shugaban Biyetnam ta Kudu, ɓangaren da Amurka ta mara wa baya a yaƙi da Arewa, ran 30 ga Afrilun 1975 ƙirar Sobiyet da Chaina ne. Chainar da yaron ke yi wa habaici, sojojinta sama da dubu 300 suka yi aikin gyaran hanyoyi da harbo jirage a Arewa. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, labari ɗaya ake bayarwa.

Malam Na Tarihi:
Ɗan Kwari ka faɗi gaskiya kan makamai, sai dai ka bar rabin maganar. Gwamnatin Kudu ma an ba ta makamai, ninkin-ba-ninkin abin da aka ba Arewa, ga sojan Amurka sama da dubu 500 a ƙasa a 1968. In da kayan yaƙi ne kawai, da Saigon, babban birnin Kudu da yanzu ake kira Ho Chi Minh, ba ta faɗi ba.

Alhaji, amsar da yaron ya ba ka ita ce mabuɗin. Mu muna fara labarin Biyetnam daga zuwan Amurka, su kuwa a wurinsu Amurka baƙuwa ce ta ƙarshe a dogon layi. Daular Han ta Sin ta mamaye su tun shekara 111 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekara ta 40 miladiyya wasu mata biyu 'yan gida ɗaya, 'yan'uwan Trung, suka yi tawaye suka riƙe ƙasa shekara uku. Ba su kuɓuta ba sai 938, lokacin da Ngo Quyen ya yi wata dabara a kogin Bach Dang: ya sa aka kafa turaku masu bakin ƙarfe a ƙasan kogi, ruwan teku ya cika ya rufe su, aka tsokano jiragen abokan gaba suka biyo, ruwa na janyewa jiragen suka tsire a kan turaku. Shekara 350 bayan haka, a 1288, Tran Hung Dao ya maimaita dabarar a kogin nan dai, wannan karon a kan Mongol. Ku tuna fa, Mongol ɗin nan su ne Tatar da muke karantawa sun rusa Bagadaza a 1258. A wannan shekarar ce suka fara afka wa Biyetnam, sau uku suna zuwa, sau uku suna komawa. Sai Le Loi ya kori daular Ming a 1428, Quang Trung ya kori daular Qing a 1789, duk biyun na Sin ne. Bayan an gama da Amurka ma, a Fabrairun 1979 Chaina ta ƙetaro iyaka aka gwabza wata guda.

Alhaji ka tuna sunayen titunan da ka bi?

Mai Yazawa:
Allahu akbar! Malam, otal ɗina a kusa da titin Hai Ba Trung yake, kullum ta Le Loi nake bi in je kasuwar Ben Thanh, Tran Hung Dao kuma babban titi ne. Ni na ɗauka sunayen 'yan siyasa ne irin namu.

Malam Na Tarihi:
To ka gani. Hai Ba Trung ɗin nan matan nan biyu ne. Kuma tun kafin 'yan gurguzu su karɓi Saigon titunan ke ɗauke da waɗannan sunaye, gwamnatin Kudu ce ta raɗa. Wato alfaharin ya girmi jam'iyyar. Ita dai ta iya hawa kansa. Jagoranta Ho Chi Minh da kansa, ranar da ya ayyana 'yanci a dandalin Ba Dinh, 2 ga Satumban 1945, da kalmomin takardar 'yancin Amurka ya buɗe jawabinsa.

Ɗan Damagaram:
Bari in ajiye wasa. Wannan yaƙi na farko, na Faransa, mu nan Nijar ya shiga gidajenmu. Andoshin tsofaffinmu ke ce masa. Kakana na wajen uwa yana cikin sojan da Faransa ta kwasa daga yankinmu, ya hau jirgin ruwa wata guda cur, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba. Marigayi Seyni Kunce ma ya yi Andoshin, haka Eyadema na Togo, Lamizana na Burkina da Bokassa na Afirka ta Tsakiya.

Ina yaro nakan zauna kusa da shi da dare. Ba ya son zancen, sai in ruwan sama ya daɗe yana zuba. Abu biyu na riƙe. Na ɗaya matsattsaku, ya ce in suka fito daga fadamar shinkafa sai sun kunna taba suna ƙona su daga ƙafa. Na biyu, ya ce da dare mutanen Ho Chi Minh kan yi musu magana ta lasifika da Faransanci: ku baƙaƙen fata me ya kawo ku, ku ma ƙasarku a hannun Nasara take. Ya ce kyaftin ɗinsu ya hana saurare, amma kunne ba shi da murfi. Ya dawo da lambar girma da tari, Faransa kuma ta daskarar da fanshon mazan jiya na Afirka daga 1959, abokin aikinsa Bafaranshe na karɓar ninkin nasa sau da yawa. Don haka in an ce alfaharin Biyetnam, ni sai in rasa gefen da zan tsaya. Waɗanda suka yi nasarar da gaskiyarsu, wanda suka harba kuma kakana ne.

Maman Khalifa:
Allah ya jiƙansa da rahama. Mu namu kakan Bama ya je, na ɗauka duk wuri ɗaya ne.

Malam Na Tarihi:
Hajiya daban ne. 'Yan Bama Ingila ce ta kai su yaƙar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Andoshin daga 1946 zuwa 1954 ne.

Tsohon Saje:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni shekara 22 na yi da kaki, na je Laberiya na je Saliyo, bari in faɗi abin da soja ke gani a nan.

Ku duba Dien Bien Phu, inda aka yi karon da ya karya Faransa. Janar Navarre na Faransa ya zuba sojansa a cikin kwari, tsaunuka sun kewaye su, da lissafin cewa ba mahalukin da zai iya hawa da manyan bindigogi kan waɗannan tsaunuka, in ma an hau jiragen sama za su gama da su. Janar Giap na Biyetnam, wanda asalinsa malamin tarihi ne a wata makaranta a Hanoi, bai taɓa shiga makarantar hafsoshi ba, ya sa aka ja bindigogin da igiya, da hannu, aka haƙa musu ramuka a jikin tsauni. Abinci kuma a kan keke. An ƙara wa keken ƙarfe da sanda, ba hawa ake ba, turawa ake, ana ɗora masa sama da kilo 200, wani har 300. Ku lissafa, buhun shinkafa huɗu zuwa shida ke nan, ɗaruruwan kilomita cikin daji.

Amma abin da ya sa nake sara wa mutumin nan daban ne. A ƙarshen Janairun 1954 an shirya kai hari, bindigogi sun hau, yara sun ƙagu, sai ya duba ya ga ba za a ci ba. Ya ce a sauko da bindigogin a sake shiri. Wanda bai yi soja ba ba zai san nauyin wannan umarni ba. Sai 13 ga Maris aka buɗe wuta. Kwana biyu da farawa kwamandan manyan bindigogin Faransa, Kanar Piroth, wanda ya yi alkawarin zai rufe bakin bindigogin Giap, ya kashe kansa da gurneti. Ran 7 ga Mayu sansanin ya faɗi, aka kama sama da mutum dubu goma. Wata shida bayan nan Aljeriya ta ɗauki makami.

To amma Alhaji, kada rogo da takalmin taya su ɗauke maka hankali. Gwamnatinsu da bakinta ta faɗa a 1995 cewa mayaƙanta miliyan ɗaya da dubu ɗari suka mutu a yaƙin Amurka, farar hula wajen miliyan biyu. Amurka dubu 58. Duk janar ɗin da ya zubar da yara haka a wata ƙasa, kotun soja zai gurfana. Ni na ɗauki gawar abokina a kafaɗa. In na ji farar hula na cewa "mu muka yi", sai in tambaya, kai da wa?

Ummi Ɗaliba:
Baba Saje to me ya sa suka yarda suna ta mutuwa haka? Tilasta musu aka yi?

Tsohon Saje:
'Yata, akwai tilas, don ɗiban soja ake gida-gida. Amma tilas kaɗai ba ta sa mutum ya zauna shekara biyar a rami. Wanda aka ƙone wa ƙauye ba ya buƙatar a yi masa lacca.

Maman Khalifa:
Ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma uwa, tambayata Alhaji, ka ga waɗanda gubar nan da Amurka ta fesa ta shafa? Na taɓa karanta cewa har yanzu ana haifar yara da nakasa.

Mai Yazawa:
Hajiya kin taɓo inda nake gudu. Washegarin Cu Chi na je gidan tarihin kayan yaƙi da ke cikin gari. A tsakar gida ga jirage masu saukar ungulu da tankokin Amurka, yara na ta hoto. A sama akwai ɗaki guda na wannan guba da ake kira Agent Orange, ɗaya daga cikin magungunan kashe ciyawa da aka yi ta fesawa daga 1961 zuwa 1971, jimillarsu lita miliyan 70 da wani abu, don daji ya zube a ga masu ɓuya. Hotunan yara ne, wasu ba idanu, wasu kai ya kumbura, wasu an haife su bayan shekara 2000, jikokin waɗanda aka fesa wa. Na ga wata Baturiya tsohuwa ta jingina da bango tana kuka, wata yarinya 'yar ƙasar ta miƙa mata tishu. A ƙasa kuma waɗanda abin ya shafa suna zaune suna saƙa 'yan kayan tsaraba. Na sayi abin maƙala makulli guda goma ban san me zan yi da su ba.

Akwai kuma bangon My Lai, ƙauyen da sojan Amurka suka kashe mutum 504 ran 16 ga Maris 1968, yawanci mata da yara da tsofaffi. Yaron ya nuna mini cewa wani matuƙin jirginsu, Hugh Thompson, shi ya sauka tsakanin sojan da mutanen ƙauye ya ceci wasu. Ya ce ana koya musu raba gwamnati da mutanenta, har ya ambaci Muhammad Ali da ya ƙi zuwa yaƙin a 1967 aka ƙwace masa kambu.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Ni dai wannan alfahari da kuke ta yabo, a bayan mata aka goya shi. Suna da lambar girma ta musamman ga uwar da ta rasa 'ya'ya a yaƙi. Akwai wata Nguyen Thi Thu a Quang Nam, 'ya'yanta maza tara suka tafi ba wanda ya dawo, an sassaƙa mata ƙaton mutum-mutumi. Tara fa! A ba ni duwatsun duniya a sassaƙa, ban yarda da Khalifa ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
Yauwa Hajiya. Kuma Alhaji, a gidan tarihin ka ga bangon Hue? A harin sabuwar shekararsu ta 1968 'yan gurguzu sun riƙe birnin kusan wata guda, bayan an kore su aka tono gawa wajen 2,800 a ramuka. Ka ga bangon waɗanda suka tsere ta teku a kwale-kwale bayan 1975, kusan dubu 800 da suka isa gaɓa, ban da waɗanda ruwa da 'yan fashin teku suka cinye?

Mai Yazawa:
Ban gani ba, kuma ba zan yi maka musu ba, don akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Ranar da zan koma Binh Phuoc wani direba dattijo ne ya ɗauke ni, zai yi shekara sittin. Turancinsa ya fi na yaron. Ban ji ya ce Ho Chi Minh ko sau ɗaya ba, Saigon yake cewa. Ni da zumuɗina na fara yaba musu, kun kori Amurka, kun yi kaza. Ya yi shiru har muka fita gari. Can ya ce, mahaifina hafsa ne a sojan Kudu. Bayan 30 ga Afrilu aka ce su zo a yi musu bita ta kwanaki, su taho da kayan sawa kaɗan. Shekara shida ya yi a sansani. Shi kuma da ya gama sakandare aka duba takardar asalinsa, aka ga ɗan wane ne, jami'a ta haramta.

Da muka zo wajen Bien Hoa ya nuna wani gefe da haɓa, ko hannu bai ɗaga ba. Ya ce can maƙabartar sojan Kudu take, kabari dubu goma sha, an sauya mata suna. Na tuna a Cu Chi an kai ni wani ɗakin tunawa da aka rubuta sunayen mamata sama da dubu 40 da ruwan zinare a jikin dutse, turare na tashi. Waɗancan kuma ga su a bayan katanga. Duk 'yan ƙasa ɗaya, wani ma wa da ƙane.

Sai na ce masa to kai ba ka cikin masu murna ke nan. Ya ce ranar 30 ga Afrilu ba ya fita. Amma da na kawo zancen Chaina da tsibiran da suke jayayya a kai, sai ga dattijo ya miƙe a kujera, murya ta tashi, shi ma "mu" yake cewa, har Bach Dang ɗin da Malam ya faɗa sai da ya ambata, lokacin ban gane ba. Kuma a jikin madubin motarsa akwai 'yar jar tutar nan. Ban tambaye shi ko don 'yan sanda ya rataya ba.

Malam Na Tarihi:
Wannan direba ya fi gidan tarihin koyarwa. Ni abin da ke ci mini rai shi ne namu. Ranar tunawa da mazan jiyansu 27 ga Yuli ce, ɗalibai kan je maƙabartu su kunna kyandir. Ranar 27 ga Yulin 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada da ɗaruruwan mutanensa. Na tambayi aji guda na 'yan sakandare ina Burmi take, ba wanda ya san tana jihar Gombe. Ta yaya za su sani, an cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, sai da aka shafe shekara goma ana maganar dawo da shi.

Ɗan Kwari:
Malam, in irin nasu kake so a yi mana, na gode. Gwamnati ta zaɓi wanda za a yi wa kuka da wanda za a manta? Mu namu yaƙin basasar, 1967 zuwa 1970, lokaci ɗaya da nasu, Gowon cewa ya yi ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci da yaƙi. Ba a kwashe hafsoshin Biyafara dubu-dubu an kai sansani ba. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ma har makaman da Biyafara ta ƙera yana nunawa.

Malam Na Tarihi:
Ka je ka tambayi ɗan Biyafarar da aka ba fam 20 a madadin duk abin da ke asusunsa ko ba a ci shi da yaƙi ba. Kuma su da labarinsu ɗaya, yau su ne na biyu a duniya wajen kofi, suna sayar wa duniya shinkafa, suna sayen yazawarmu ɗanya su fasa su ci ribar. Mu da ba mu da labari ko ɗaya fa?

Ɗan Kwari:
Ba alfahari ne ya ba su shinkafa ba. Shekara goma bayan nasara layin abinci suke bi da kati. Sai da suka saki kasuwa a 1986, suka shirya da Amurka a 1995, sannan tukunya ta tafasa.

Tsohon Saje:
Ku biyun kuna da gaskiya kuna kuma ɓata mini rai. Ni ban nemi mutum-mutumi ba. Duk 15 ga Janairu a saki tattabaru a Abuja, matan abokaina na yawo da fayil.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi hattara, kada mu gangara siyasar gida, mun san inda take kai mu. Alhaji ne ke da magana.

Ummi Ɗaliba:
Baba ni tambayata daban ce, me ka ci kwana shida? An ce har kare suna ci.

Mai Yazawa:
'Yata akwai Musulmi, 'yan ƙabilar Cham, akwai kuma babban masallaci a titin Dong Du da Indiyawa suka gina a 1935, nan na yi Juma'a. Kusa da kasuwar Ben Thanh akwai layi guda na gidajen abincin halal saboda 'yan Malesiya. Miyar taliyarsu ta naman sa ba laifi, sai dai ba yaji, na yi ta zuba barkono mai abincin na kallona.

Ɗan Damagaram:
To kontenar fa? Ka cika mu da ramuka ka ɓoye ainihin ramin da ka faɗa.

Mai Yazawa:
Kai dai bari. Gwaji na biyu ya nuna ɗaya lafiya lau, ɗaya kuwa da gaske ta sha danshi, yaran sito ne suka ɗura kafin ta bushe. Na zauna da mahaifin yaron, tsohon soja ne ashe, ya yi Kambodiya a 1979, yatsu biyu babu a hannun hagu. Awa uku muna ja, shayi kawai yake zuba mini yana murmushi, bai matsa ko taku ɗaya ba. Dala 40 ya cire a kowane tan, ya kuma ce in turo wasu biyu kafin damina ta yi nisa.

Ɗan Damagaram:
Mongol ma sau uku suka je. Saura maka biyu.